Ashanar Hannuna da Idona na Hagu

Shekarun baya, a ƙarshen wata damina da ciwon idon nan Apolo ya bi gidajen Dangora ɗaya bayan ɗaya, na yi asarar idona na hagu. Da yawa daga cikin masu bibiyata a nan sun sha tambayata me ya sa ba na sa hotona sai da baƙin tabarau. Wata har ta rubuto min wai gayu ne ya yi min yawa. To 'yar'uwa, ba gayu ba ne. Gyara zama ki ji.

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a cikin gida tun ina amarya. Na gama sakandare kafin aure, kuma wannan 'yar takardar ta sa ina ɗaukar kaina wata tsiya a unguwa. Ni ce mai karanta wa maƙwabta takardar asibiti, ni ce mai yi musu faɗa idan sun ɗura wa jariri jiƙo. Idan mace ta kawo wata maganar camfi a gabana, har taɓe baki nake yi. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce rashin karatu ne ya ja min.

Haihuwata biyar cikin shekara takwas. A ta biyar ɗin jini ya ɓalle min, aka kwashe ni ranga-ranga zuwa asibiti, sai da aka ƙara min jini kafin na san inda kaina yake. Ranar da za a sallame mu, ungozomar asibitin ta ja maigidana gefe ta ce masa mahaifar matar nan ta gaji, idan ba a bar ta ta huta ba, ba ta san yadda haihuwa ta gaba za ta kasance ba. Maigidana manomi ne, masara da shinkafa, mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba. Amma ina yin arba'in, shi da kansa ya ɗora ni a babur ya mayar da ni aka sa min ashana.

Ga wanda bai sani ba, ashana wani ɗan siririn abu ne na tazarar haihuwa da ake turawa a ƙarƙashin fatar damtse, ya zauna nan yana hana ɗaukar ciki na 'yan shekaru. Tsawonsa da kaurinsa kamar tsinken ashana, shi ya sa mata suka laƙaba masa sunan. Muka yi shawara da maigidana cewa daga ni sai shi, ko 'yan'uwa ba za su ji ba, don mun san surutun da zai biyo baya. Shekara ɗaya da rabi na samu hutun da ban taɓa samu ba tun da na yi aure. Na yi ƙiba, na yaye yarona a tsanake, ɗinki ya kankama har ina mayar da na wasu. Al'adata ce kawai ta ɗauke, kuma dama an gaya min hakan yana faruwa, don haka ko a jikina.

A daminar Apolon nan zazzaɓin sauro ya kayar da ni kwana huɗu. Da na tashi, sai ga 'yan ƙuraje sun feso min a gefen leɓe, irin waɗanda muke cewa alama ce zazzaɓi ya fita. Bayan kwana biyu idona na hagu ya kaɗa ya yi ja, yana ruwa, ina jin kamar an zuba min yashi a ciki. Ko ƙofar ɗaki na leƙa hasken rana ya doke shi, sai in dafe. A lokacin yarana uku suna fama da Apolo, haka gidan da ke kallonmu, Islamiyya ma sai da aka ba da hutu. To me zan ce yana damuna in ba Apolo ba?

Yaran suka warke cikin mako guda. Nawa ya ƙi, kuma bai tsallaka ɗaya idon ba. Na zura hijabi na tafi wurin mai kemis ɗin bakin kasuwa, wanda duk gari ke kira Dakta. Na tarar yana ƙulla wa wata ƙwayoyi a leda, ko ɗagowa bai yi sosai ba.

"Apolo ne, Anti. Naki mai taurin kai ne. Ungo wannan, mai ƙarfi ne, ba kowa nake ba wa ba."

'Yar ƙaramar kwalba ce ta ɗigawa. Wallahi cikin kwana biyu jan ya washe, ruwan ya tsaya. Na dinga sa masa albarka, har mata biyu na tura masa. Sai dai da zarar na daina ɗigawa, ciwon ya dawo fiye da da, in koma in sayo wata. A kwalba ta biyu na lura zafin ya ragu ƙwarai, amma idan na rufe idon dama, sai in ga ɗakin kamar ta cikin farar leda nake kallonsa. Na ce wa kaina tunda zafi ya tafi, ai hazon ma zai bi shi.

Wadda ta fara gaya min gaskiya wata dattijuwar Bafulatana ce da ke kawo mana nono da man shanu daga rugarsu ta wajen Badafi. Shekara da shekaru tana shigowa gidanmu, Inna nake ce mata. Ranar ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida, na miƙa mata kwano, sai ta riƙe ludayi ta tsaya tana kallona.

"Matso nan, 'yar nan. Ɗaga kanki."

Ta sa yatsa ta buɗe idon, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba Apolo ba ne. Apolo ba ya zama a ido guda, kuma ba ya taɓa baƙin ido. Ga wani fari-fari nan ya fara zama. Irin wannan muna ganinsa a idon nagge, idan aka yi sake farin ya rufe, shi ke nan ta zama mai ido ɗaya. Ki ce wa maigidanki ya kai ki birni wurin masu duba ido. Gobe, ba jibi ba."

Nagge dai saniya ce a bakinsu. Ni kuma duk maganar nan ba abin da kunnena ya ɗauka sai wannan.

"Inna, yanzu ni ce saniyar?"

"Haba 'yar nan, idon nake gaya miki."

Na janye kwanona na ce yau ba ma buƙatar nono. Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta fita. Ni mai sakandare na koma kan keke ina huci, wai an haɗa ni da dabba.

Bayan kwana uku yayata ta zo daga Tudun Wada, inda take aure, don ta ji ba ni da lafiya. Bari in gaya muku ko ita wace ce kafin ku yanke mata hukunci. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara goma sha biyu. Mahaifiyarmu ta rasu ina 'yar shekara shida, a hannun Yaya na tashi. Ita ta yi min kitso, ita ta tsaya kai da fata sai da na gama makaranta, ita ta kai ni ɗakin miji. Idan ta ce abu fari ne, ko na ga baƙi sai na sake dubawa.

Ta ce in fito haske ta ga idon. Ta kama damtsena na hagu za ta juyo da ni, sai yatsanta ya sauka a kan abin. Ta danna. Ta sake dannawa. Nan take na sha jinin jikina.

"Mene ne wannan?"

Na yi tsuru-tsuru.

"Tambayarki nake. Ashana ce?"

Na gyaɗa kai. Ta sake ni ta hau tafa hannu tana salati, ta zauna daɓas a kan 'yar kujera.

"Ke da hankalinki, ke da karatunki, ki miƙa hannu a dasa miki wuta a jiki? Sunanta ma me? Ashana! Me ashana take yi in ba kunna wuta ba? Kina tsammani haka kawai aka sa mata sunan?"

Na ce, "Yaya, don ta yi kama da tsinken ne kawai."

"Rufe min baki. Al'adarki tana zuwa?"

"Ta ɗauke."

"To jinin ina yake zuwa? Gaya min, malamar asibiti. Shekara da rabi yana taruwa, zafin abin nan yana dafa shi, ba ƙofar fita, ai dole ya hau kai. A wane hannu aka sa miki?"

"Hagu."

"Wane ido ne ke ciwo?"

Wallahi a lokacin gani na yi komai ya hau daidai: hannun hagu, idon hagu, ga ja, ga raɗaɗi, ga jinin da ba ya fita. Duk abin da aka koya min a aji ya bi iska. Har na fara jin wurin yana min zafi-zafi a damtse, abin da shekara da rabi ban taɓa ji ba.

Maigidana ya dawo daga gona da la'asar. Ashe shi ma Inna mai nono ta tare shi a hanya ta gaya masa abin da ta gaya min. Ya ce ya riga ya yi magana da wani direba a Kwanar Dangora, gobe da sassafe za mu shiga Kano asibitin ido. Na ce ba inda za ni sai an cire min ashana. Ya ce a je a duba idon tukuna, in likita ya ce ita ce, shi da kansa zai sa a cire. Yaya tana ɗaki tana jinmu, ni kuma ina so ta ji cewa na dawo hanya. Sai na ɗaga murya na yaɓa masa maganar da har gobe nake jin kunyarta.

"Dama kai ka kai ni aka sa min. Idon ai ba naka ba ne, shi ya sa ba ka damu ba."

Mutumin da ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa ranar da nake tsakanin rai da mutuwa. Ya kalle ni, ya ɗauki buta ya fita masallaci. Bai ƙara tayar da maganar Kano ba.

Cire ashana kuwa ashe ba kamar sa ta ba ne. Na je ƙaramin asibitin da aka sa min, aka ce wadda ta iya cirewa ta tafi kwas, in dawo mako mai zuwa. Na dawo, aka ce allurar kashe zafi ta ƙare. Sai a zuwa na uku, ni da Yaya, muka same ta da kayan aiki. Kafin ta taɓa hannuna ta kalli fuskata ta ce, "Hajiya, wannan idon tun yaushe?" Na gaya mata, na kuma gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ajiye almakashin da ke hannunta.

"Jikinki ne, idan kin ce a cire zan cire. Amma wallahi ban taɓa ganin ashana ta yi wa ido haka ba. Idon nan asibitin ido yake so, yau ɗin nan in da hali. Kuma ki tuna yadda kika yi a haihuwar baya. Ko in ba ki wani abin a madadinta?"

Yaya ta yi caraf ta ce, "Dama me za ki ce? Kayanku ne ai. Cire mata kawai, Malama, ba ma son komai."

Ta tsaga fatar kaɗan ta zaro ta, ta nuna min a ɗan faranti. 'Yar farar roba ce mai laushi, ko kan ashanar babu. Na zuba mata idona mai kyau ina jiran in ji wani sanyi ya sauko min daga ka. Ban ji komai ba sai zugin wurin da aka tsaga.

Yaya ta ce zafin shekara da rabi ba zai sauka a kwana ɗaya ba, a ba shi lokaci. Ta kafa min dokoki kafin ta koma: jiƙon tsamiya safe da yamma, lalle a tafin ƙafa don ya janyo zafin ƙasa, ban da yaji, ban da zama kusa da murhu. Na bi su sau da ƙafa. Maganin Dakta ma ban fasa ɗigawa ba, tunda shi kaɗai ke hana jan dawowa.

Kun dai san halinmu, ba a tambayar Bahaushe jiki ya ce ya ƙaru. Duk bayan kwana biyu Yaya ta bugo waya ta ce, "Ya idon?" In ce, "Da sauƙi." Sai ta ce, "Ba na gaya miki ba!" Maigidana ma idan zai fita yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ya idon?" In ce, "Da sauƙi, Malam." Ya ɗan jima a tsaye kamar akwai sauran magana, sannan ya saɓa fartanya ya wuce. Na faɗi "da sauƙi" ɗin nan har ni ma na fara yarda. Kaka ta shigo, aka shiga girbin masara, gida ya cika da aiki, ni kuma ina ta jiran sanyi ya sauko. Haka na ƙara cinye wata biyu.

Wata safiya ina gaban madubi zan sa kwalli, na rufe idon dama don in zizara masa. Sai fuskata ta ɓace. Haske kawai nake gani, fari fat, ba hanci ba baki. Na buɗe na daman na matsa jikin madubin. A tsakiyar baƙin idon hagu ga wani farin tabo ya zauna daram, kamar an ɗiga kindirmo. Hakiya. Na sha ganinta a idon tsofaffi, ban taɓa kawo ta a nawa ba, ni da ko talatin ban cika ba. Na fito tsakar gida da kwallin a hannu na ce, "Malam, ka kai ni Kano." Ya ajiye buhun da yake ɗinkewa ya shiga ya sa riga.

A mota daga Kwanar Dangora zuciyata ta dinga tashi, sau biyu ina sa direba ya tsaya. Na ɗora laifin a kan warin fetur.

Likitan da ya gan mu matashi ne mai sanyin magana. Ya ɗiga min wani ruwa mai launin lemo a idon, ya sa na ɗora haɓa a kan na'ura, ya haska da shuɗin haske. Sannan ya murza 'yar auduga ya taɓa baƙin idon da ita.

"Kin ji?"

"Me?"

Ya juya ya kalli maigidana. Ya tambaya ko ina sa wani magani, na zaro kwalbar Dakta daga jaka har da alfaharina. Ya karanta jikinta, ya ajiye ta a kan tebur a hankali.

"Tun yaushe kike ɗiga wannan?"

"Wata uku da ɗoriya."

Sai ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce ba Apolo ba ne. Wata ƙwayar cuta ce, bairas, ita ce dai mai fesowa a leɓe bayan zazzaɓi. Tana kwance a jikin mutane da yawa ba ta komai, sai jiki ya yi rauni ta farka, wani lokacin ta ɓullo ta ido. Maganin da ke kwalbar nan yana kwantar da ja, amma yana hana jiki yaƙi da ita, sai ta samu fili ta yi ta cin fatar baƙin ido. Zafin da ya ɗauke ma ba sauƙi ba ne, jijiyar wurin ce ta mutu, shi ya sa ban ji audugar ba.

"Da kin zo a makon farko ko na biyu, wani ɗan man shafawa ne kawai za mu ba ki."

Na ce, "Likita, to ashanar fa?"

"Wace ashana?"

Na kwashe komai na gaya masa, jinin da ya taru, zafin da ya hau kai. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce akwai wasu ƙwayoyin tazara na sha da kan taɓa jijiyoyin jinin ido a jikin wasu mata ƙalilan, shi ya sa suke tambaya, amma wancan daban ne, can cikin ido yake faruwa. Nawa a sama yake, kuma ga sawun cutar nan ƙuru-ƙuru. Ba ruwan ashana ko kaɗan.

Ban haƙura ba. Na ce, "Amma a hannun hagu aka sa min, kuma idon hagu ne ya kamu."

Ya buɗe baki kamar zai yi dariya, da ya ga fuskata sai ya fasa.

"Hajiya, ai kusan kowa a hagu ake sa wa. Don da hannun dama kike aiki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya jawo takarda zai rubuta magani, sai ya dakata. "Kafin in rubuta, kina da juna biyu?" Na sunkuyar da kai na ce a'a. Ya tambaya ko na ga al'ada tun da aka cire ashanar. Na ce ban gani ba, Yaya ta ce sai zafin ya gama sauka. Ya miƙo min 'yar roba ya nuna min hanyar ɗakin gwaji.

Ciki ne, na 'yan makonni. Da aka faɗa, maigidana na kalla. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce "Alhamdulillahi" da wata irin murya da ban taɓa ji a bakinsa ba. Na san jinin nan yake tunawa, ni ma shi nake tunawa.

Likita ya zaɓi maganin da ba zai taɓa cikin ba. Ya ce cutar za a kwantar da ita, amma hakiyar ta zauna a daidai inda gani ke shiga, ba maganin da zai goge ta. Sai dai a yi dashen wata fatar idon, aikin da ba ko'ina ake yi ba, kuma ba maganar da za a yi da ciki a jiki ba ce. A hanyar dawowa, mun wuce Bebeji kafin na iya buɗe baki na ce, "Malam, ka yafe min." Ya ce, "Ya wuce," yana kallon waje ta taga.

Cikin yana wata bakwai cutar ta sake farkawa, likita ya ce dama ciki yana sassauta garkuwar jiki. Wannan karon a rana ta biyu na isa gabansa, aka tare ta da wuri, amma sai da ta ƙara wa tabon kauri. Daga nan ko maganar dashen bai ƙara yi da ƙarfi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na haihu a asibiti, jinin ya sake zuwa, amma da yake an shirya masa, Allah ya sa da sauran kwanana. Mace na samu. Ina son yarinyar nan kamar raina, kuma duk wanda ya karanta wannan ya ce ina nadamar zuwanta, ni da shi ne.

Yaya ce ta zo ta yi min wankan jego, kwana arba'in cur, ta bar gidanta da 'ya'yanta. A cikin kwanakin nan na gaya mata duk abin da likita ya ce, ban rage ko ɗaya ba. Tana tsamo ganyen darbejiya daga ruwan zafi ta ce min, "Likita ai ba zai zagi kayansu ba. Ke dai ki gode wa Allah da na zo a kan lokaci. Da ba a cire ba, da na daman ma ya bi." Har cikin zuciyarta ta faɗa, idonta cike da ƙwalla don tausayina. To ya zan yi da ita? Da maƙiyiyata ce, da na zage ta tas na huce.

Ɗinki kuwa, sai wanda ya rasa ido ɗaya zai gane yadda nesa da kusa suke rikicewa. In kai zare ramin allura ya wuce ta gefe. In zuba shayi ya sauka a tabarma, kofi yana gefe a bushe. Na ɓata wa wata amarya leshi a wurin yanka, daga nan masu kawo ɗinkin biki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta faɗa min dalili, ni ma ban tambaya ba. Yanzu hannuna ya saba, ina ɗinka hijabai da zannuwan gado da kayan makaranta. Aikin duwatsu da surfanin da aka san ni da shi, na sallama.

Inna mai nono ba ta ƙara shigowa gidanmu ba tun ranar. Da na warware na aika a nemo min ita in ba ta haƙuri, aka ce sun tashi da shanunsu sun yi wajen Doguwa. Mai kemis yana nan a bakin kasuwa, har ya ƙara shago, idan na wuce yana ce min, "Anti, ya idon?" Maigidana kuma bai taɓa goranta min ba, ko sau ɗaya. Wallahi da ya goranta da ya fi min sauƙi.

Mutane suna ce min in ɗauka ƙaddara ce. Na ɗauka, ni Musulma ce. Amma ƙaddarar ba ta hana a gaya min gaskiya a kan lokaci ba, har sau uku, kuma da kunnena na ji. Na watsar don wadda ta fara faɗa ta ambaci saniya, na rungumi maganar da ta fi daɗin shiga kunne, don ta fito daga bakin da nake so ya yaba min. Har yau idan na tuna, haushi ne ke kama ni, kuma mafi yawansa na kaina ne. Don Allah idan ido ɗaya ya yi ja ya ƙi washewa, musamman in gani ya fara hazo, kada ku tsaya a kemis, kuma kada ku ce da sauƙi alhali ba sauƙin.

Na ɗauka a nan abin ya tsaya, asarar tawa ce ni kaɗai. Sai bara da na je suna gidan Yaya a Tudun Wada. Ina zaune a ɗaki cikin mata, wata yarinya 'yar maƙwabtansu ta shigo. Ba za ta wuce ashirin da biyu ba, ga goyo a baya, ga ciki ya turo gaba, wuyanta duk ƙashi. Ta durƙusa har ƙasa.

"Anti, ina wuni. Ke ce ƙanwar Mama, mai idon?"

Na ce ni ce.

"Allah ya saka miki da alheri. Mama ta ba mu labarinki. Saboda ke na je aka cire min tawa. Mu huɗu ne a layinmu."

Na ture kwanon shinkafar da ke gabana, na kamo hannunta na zaunar da ita kusa da ni. Na faro mata tun daga ƙurajen leɓe har kwalbar mai kemis, har abin da likita ya faɗa da bakinsa. Na rantse mata da Allah. Na ce idan ta haihu ta koma asibiti ta nemi shawara, kada ta bi ta idona, ƙarya ake yi masa. Tana ta cewa, "To, Anti. Haka ne, Anti." Amma ba bakina take kallo ba, tabon take kallo.

Da na gama ta miƙe ta gyara goyonta.

"Anti, don Allah kada ki tafi yanzu. Bari in kira ƙanwata ta gani. Tagwaye ta haifa, mijinta ya dage sai an sa mata."

Kafin in buɗe baki ta fice. Ba a jima ba sai ga su sun dawo tare. Ƙanwar ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ɗago kai a hankali tana duba fuskata, tana neman wanne ne idon.